Cisco Packet Tracer: Manhajar Koyon Yadda Rauta Ke Zaɓar Hanya

Babbar wahalar mai koyon sadarwar kwamfutoci ita ce abin da ake koya masa ba ya ganuwa. Malami zai ce fakiti, wato ƙunshin bayanai, ya tashi daga wannan kwamfuta, ya ratsa suwic mai haɗa kwamfutocin wuri ɗaya, ya isa rauta mai haɗa hanyoyin sadarwa daban-daban, ita kuma ta duba teburinta na hanyoyi ta tura shi gaba, ɗalibi kuwa ya gyaɗa kai alhali ba abin da ya gani sai wayoyi da fitilu masu ƙiftawa. Wannan giɓi ne Packet Tracer ke cikewa, kuma a ganina tana cike shi yadda ya kamata.

Manhajar ta kamfanin Cisco na Amurka ce, ana sauke ta kyauta bayan rajista a Networking Academy, shirin horarwar da kamfanin ya kafa a 1997, kuma tana aiki a kan Windows da macOS da Ubuntu. Mutum zai jawo rauta da suwic da kwamfutoci zuwa kan allo, ya haɗa su da waya, ya raba musu adireshin IP, ba tare da ya sayi ko na'ura ɗaya ba.

Inda ta fi burge ni shi ne ɓangaren da ke tafiyar da saƙo daki-daki. Idan ka aika ping, wato saƙon gwaji na duba ko wata na'ura tana amsawa, fakitin zai bayyana a siffar ambulan, amma ba zai motsa ba tukuna, domin sai kwamfutar ta fara cigiya da ARP, tana tambayar kowa a layin wane ne mai wannan adireshi. Sai amsa ta dawo sannan ambulan ya kama hanya, kuma ana iya buɗe shi a kowane zango a ga yadda lambar TTL, mai iyakance yawan rautar da fakiti zai iya ratsawa, ke raguwa da ɗaya duk lokacin da ya ratsa rauta. Wanda ya kalli wannan da idonsa ba zai sake mamakin abin da ya sa ping na farko yakan faɗi, na bayansa kuma su wuce lafiya ba.

Haka nan bambancin RIP da OSPF, ƙa'idoji biyu da rauta ke bi wajen zaɓar hanya, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa ba tare da fahimta ba. A jera rauta uku, a haɗa ta farko da ta uku kai tsaye da layin siriyal mai jinkiri, sannan a ba su wata hanya mai sauri da ta bi ta tsakiya. RIP zango kawai take ƙirgawa, iyakarta kuwa 15, don haka za ta bi layin mai jinkiri saboda ya fi kusa. OSPF tana auna saurin layi, ta yi amfani da lissafin Dijkstra na gano hanya mafi sauƙi, sai ta gwammace zagaye. Idan aka kunna su tare, umarnin show ip route zai nuna harafin O, alamar OSPF, a gefen hanyar, saboda Cisco ta ba OSPF lamba 110, RIP kuma 120, kuma ƙaramar lamba ake fifitawa. A cire waya ɗaya, a zuba ido a ga teburin yana sake kansa.

Sai dai Packet Tracer kwaikwayo ce, ba ainihin manhajar rauta ba. Akwai umarni da dama da ba ta karɓa, kuma BGP, ƙa'idar da manyan kamfanonin intanet ke musayar hanyoyi da ita, ɗan kaɗan kawai aka sa. Na'urorin Cisco take koyarwa, don haka wanda zai yi aiki da na'urorin kamfanin MikroTik sai ya koyi wani tsarin umarni daban. Ba kuma za ta koya wa kowa matse kan waya ba.

Ga mai shirin jarrabawar CCNA ta Cisco, ko mai ƙaramar laftof da ba za ta ɗauki nauyin GNS3 ba, wadda ke tafiyar da ainihin manhajar rauta, da Packet Tracer nake ba da shawarar a fara. Idan OSPF ta zauna a kai sosai, sai a koma GNS3 da Wireshark, manhajar kama fakiti a duba cikinsa, domin a ga fakiti na gaske.