Sandunan golf masu yafiya, bayan wata biyar a hannuna

Wata biyar ke nan da na jingine tsofaffin sandunan ƙarfena na golf, masu siririn kai kamar wuƙa, na koma irin waɗanda ake cewa suna yafe wa mai bugu kuskurensa. Na daɗe ina jan ƙafa, wai a ganina kayan 'yan koyo ne. Girman kai ne kawai.

Dabarar a bayan kan sandar take. In ka juya shi za ka ga an ƙwaƙule tsakiya, an tura nauyin zuwa gefe-gefe da ƙasa, wasu ma har an cusa musu ɗan ƙarfen tungsten mai nauyi a hanci, wato can ƙarshen kan. Don haka ko ƙwallo ta taɓa gefen fuska maimakon tsakiya, kan ba ya murɗewa sosai a hannu. Karsten Solheim, wanda ya kafa kamfanin kayan golf na Ping, shi ya yaɗa wannan tsari, kuma samfurin Eye2 na 1982 ya sa kamfanoni da dama suka bi sahu.

Akwai wani rami da ke cinye min ƙwallaye, yadi 150 da tafki a gaba. Ranar farko na ɗauki sabuwar sanda mai lamba 7, ina bugawa na san da hanci na kama ƙwallon. Da tsohuwar sandata ce, sai dai in laluba aljihu in ciro wata ƙwallon. Sai ga ta ta tsallake ruwan da kyar, ta zauna a bakin ciyawa. Faɗin gindin ma ya burge ni: in na riga taɓa ƙasa kafin ƙwallo, sulɓewa yake yi maimakon ya nutse.

Amma kada a ruɗe ka da batun nisa. Tsohuwar lamba 7 ɗina kwanciyar fuskarta digiri 34 ce, sabuwar kuma 29. An miƙar da fuskar ne aka bar lambar yadda take, ka ga dole ta fi nisa. Inda abin ke ciwo shi ne wajen sauka. Ƙwallon ba ta juyawa sosai a iska, in filin ramin ya bushe sai ta dira ta ci gaba da gangarawa kamar an kore ta.

Karkacewar buguna zuwa dama kuwa tana nan daram, ta ɗan ragu dai. Kuma hannu ba ya jin komai sosai, bugu mai kyau da marar kyau duk kusan ɗaya suke.

Miƙar da fuskokin ya bar min giɓi a bugun kusa, har sai da na ƙara gajeriyar sanda guda. Tunda doka ba ta yarda a wuce sanduna 14 a jaka ba, lamba 4 ce ta fita. Tana can jingine a bayan ƙofa tare da tsofaffin.