Caji ya daidaita, madda ta yi rinjaye: ina bambancin?

Ɗan'uwanmu mai karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ya tambaya a zaure: tunda cajin ƙari da cajin ragi sun yi kunnen doki a sararin samaniya, me ya sa ake cewa madda ta fi kishiyarta yawa? Madda ita ce abin da jikinmu da ƙasa da taurari suka ƙunsa. Kishiyarta kuwa ƙwayoyi ne masu nauyi ɗaya da na madda amma cajinsu na lantarki akasi ne.

Malam, lissafi biyu ka haɗa wuri guda. Ɗauki ƙwayar zarra ta haidurojin: firoton ɗaya mai caji +1, ilektiron ɗaya mai caji −1. Jimilla sifiri, amma dukansu madda ce. Kishiyar haidurojin ma cajinta sifiri ne. Ka cika duniya da ta farkon kaɗai, caji zai daidaita alhali babu kishiya ko guda.

A ɓangaren caji doka ce mai tsauri, ba a taɓa ganin ta karye ba. Girman cajin firoton da na ilektiron ɗaya ne, an auna har zuwa kusan kashi 1 cikin 10^21. Kuma ƙarfin lantarki tsakaninsu ya ninka na nauyi kusan sau 10^39, don haka da akwai rarar caji mai yawa, da iskar da ke dunƙulewa ta zama tauraro ta tarwatse.

Ɓangaren madda ne ke da wuyar sha'ani. Lissafin Paul Dirac na 1928 ya nuna hanyar samuwar kishiya, Carl Anderson ya gano fozitiron, wato kishiyar ilektiron, a 1932. In ilektiron ya gamu da fozitiron sai su shafe juna, ƙwayoyin haske mai ƙarfi da ake kira gama guda 2 su fito, kowace da makamashi 511 keV (keV ma'aunin makamashi ne). Haka ta faru a farkon duniya da yawan gaske. Abin da ya tsira ɗan ƙalilan ne: a kan kowace kishiya miliyar 1, rarar madda kusan ƙwaya 1. Ka ɗebi ƙwayar gero guda a tafinka, ka tuna miliyar ta tafi. Daga wannan ragowar aka samu Rana da Ƙasa. Alamarta a yau ita ce firoton da niyutiron (abokin zaman firoton a cibiyar zarra) kusan 6 a kan ƙwayoyin haske miliyar 10.

Andrei Sakharov ya kafa sharuɗɗa 3 a 1967: a samu hanyar da adadin dangin firoton (firoton, niyutiron da ire-irensu) zai canja, madda da kishiyarta su bambanta a hali, kuma abin ya faru lokacin da zafi bai daidaita ba. Cronin da Fitch sun ga irin wannan bambancin hali a 1964 a Brookhaven ta Amurka, gwajin LHCb a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, ya gan shi cikin dangin firoton a 2025. Sai dai wanda aka auna ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya haifar da wannan rara ba. A ganinmu nan ne aikin yake.

Inda ɗalibai ke yin tuntuɓe shi ne ɗaukar cajin ragi a matsayin kishiya. Ilektiron madda ce tsantsa. Niyutiron ba shi da caji, amma yana da kishiya. In kana duba rushewar niyutiron, ja layi biyu a takarda. Layin caji: 0 ya koma +1 na firoton, −1 na ilektiron, 0 na kishiyar niyutirino (wata 'yar ƙwaya marar caji). Layin dangin firoton: 1 kafin rushewa, 1 bayanta.