Gidan piza marar nama ko na gama-gari: ina ya fi dacewa ku je?

'Yar'uwa, kin ce ku shida ne za ku fita cin piza, biyu daga cikinku ba sa cin nama, kuma kin rasa inda za ki tsayar: gidan da ba ya sayar da nama gaba ɗaya, ko gidan piza na gama-gari inda za a ce a yi wa mutum biyun nan marar nama. Ni dai gidan marar nama zan zaɓa, amma akwai inda na gama-garin ya fi shi.

Ki fara cire tunanin cewa piza marar nama wata ragaggiyar piza ce. A birnin Napoli na Italiya, inda abincin ya samo asali, nau'i biyun da aka fi girmamawa duk ba su da nama. Marinara tumatir ce da tafarnuwa da ganyen oregano da man zaitun, ko cuku babu. Margherita kuwa tumatir ce da cukun mozzarella da ganyen basil. A 2017 hukumar UNESCO ta saka sana'ar masu yin piza na Napoli cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Saboda haka a kowane gida daga cikin biyun, 'yan'uwanki za su sami abin ci na asali.

Inda suka rabu shi ne kicin. A gidan gama-gari, teburi ɗaya ake shimfiɗa kwaɓin, hannu ɗaya ke ɗibar nama ya ɗebi albasa, kuma wuƙar nan mai taya da ta yanka piza mai pepperoni ita ce sau da yawa za ta bi ta kan taku idan aiki ya yi yawa. Pepperoni galibi haɗin naman alade da na shanu ne, kuma idan ya ji wuta yana tsatso mai. Ga kuma abubuwan da ido ba ya gani: wasu na narkar da ƙananan kifin anchobi cikin miyar tumatir don ƙarin ɗanɗano, wasu tsofaffin hanyoyin kwaɓi ma da kitsen alade ake yin su. Ba kowane gida ke yin haka ba, amma dole mutum ya yi ta tambaya, mai kawo abinci yana zarya tsakanin teburi da kicin. A gidan marar nama duk wannan wahalar ta faɗi, domin naman bai shigo ƙofar ba. Wanda ya daɗe yana cin abinci da ɗar-ɗar shi ya san daɗin buɗe takardar jerin abinci ya ga komai nasa ne.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da za ki yi ko'ina kika je, ita ce ta cuku. Ana daskarar da madara ta zama cuku da wani sinadari mai suna renet, wanda a al'ada daga cikin ɗan maraƙi mai shan nono ake samo shi. Cukun Parmigiano Reggiano, wanda ake yawan barbaɗawa a kan piza, ƙa'idar yinsa ta wajabta renet na maraƙi, don haka masu tsananta barin nama ba sa cinsa. Shi ne kuma ke cikin koriyar miyar pesto ta asali. Akwai renet da ake samarwa daga ƙananan halittu, kuma gidan marar nama mai mutunta sana'arsa irin wannan cukun yake saye. A can za a amsa miki nan take. A gidan gama-gari sau da yawa sai an je an duba kwali. Haka nan rashin nama ba ya nufin rashin giya, domin akan zuba ta a wasu miyoyin. Idan wannan ya shafe ku, ki tambaya.

Ki kuma tabbatar da irin rashin cin naman mutum biyun. Idan madara da ƙwai ma ba sa ci, gidan marar nama ya yi wa ɗayan nisa, domin can ne aka fi samun cukun da aka yi da man kwakwa da sitaci ko da kashu. Ba ya jan zare kamar na madara, kuma ni na fi son marinara mai kyau a kansa.

A batun ɗanɗano, abin da ya fi burge ni a gidan marar nama shi ne yadda suke ɗaukar kayan lambu da daraja. Laimar kwaɗi kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Idan aka watsa ta ɗanya a kan kwaɓi, ruwan zai sauka ya jiƙe tsakiyar piza, ki ɗaga yanki ya langaɓe. Gidan da kayan lambu ne jarinsa yakan soya ta tukuna, ya gasa tattasai har bawonsa ya saɓule, ya dafa albasa a hankali har ta yi zaƙi. A gidan gama-gari, piza mai kayan lambu takan zama ta cike gurbi a ƙasan takarda: ɗanyen tattasai, ɗanyar albasa, masarar gwangwani.

Na gama-garin yana iya yin nasara a kwaɓi da wuta. Idan gida ne mai tanderun itace da ke haura digiri 400 a ma'aunin Selshiyos, inda piza ke nuna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, margheritarsa za ta iya doke ta gidan marar nama mai tanderun lantarki mai sanyin wuta. Kuma idan cikin mutum huɗun akwai wanda ba ya jin ya ci abinci sai da nama, can zai fi sakewa.

Kada ki zaɓa don lafiya, a nan kusan kunnen doki ne. Farar fulawa da cuku da gishiri suna nan a duka biyun, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, adadin da babbar piza ɗaya ke iya cinye mafi yawansa.

Mutum huɗun da ke cin nama ba abin da za su rasa a gidan marar nama sai naman dare ɗaya, su biyun kuwa a ɗaya gidan za su ci ne cikin tambaya da shakka. Ku je marar naman. Ku yi odar piza huɗu daban-daban ku raba, ɗaya ta zama margherita, domin ita ce ke tona asirin kwaɓi da miyar gida. Ki kira su tun da rana ki yi tambayar cuku, ki kuma ce a ajiye muku teburin mutum shida.