Goge Windows.old ko share faifai gaba ɗaya?

Kullum sai an tambaye ni: an sake ɗora Windows a laftof, faifai ya cika maƙil, a goge Windows.old ko a share komai a fara daga tushe?

Windows.old babban fayil ne da ke riƙe da tsohon Windows da kayanka na baya idan an sake ɗora Windows. Goge shi ya fi sauƙi. Ka buɗe Disk Cleanup, manhajar share tarkace da ke cikin Windows, ka danna Clean up system files, ka zaɓi tsohon Windows ɗin, cikin 'yan mintuna wuri ya dawo, ko sisi ba ka kashe ba. Amma ka fara leƙa babban fayil na Users da ke cikin Windows.old, domin sau da yawa hotunan biki da takardun makaranta a can suke kwance, in ka goge sun tafi.

Share faifai kuwa yana buƙatar filash mai aƙalla 8GB da za a sake ɗora Windows da shi, da wajen kwafe kayanka, da wuta tsayayya. Amfaninsa, yana haɗe tsofaffin ɓangarorin faifai da suka zauna a banza.

Mai son wuri yau, Disk Cleanup ya ishe shi. Wanda faifansa ya rarrabu, kuma ya kwafe kayansa, sharewa ta fi dacewa da shi.