Sharhi kan ƙaramar na'urar rarraba haske ta hannu

Wannan sifektiroskof na roba, mai siffar alwatika, na'ura ce mai araha da malamin fiziks zai samu don nuna wa ɗalibai bambancin haske mai launuka a jere ba yankewa da haske mai layuka a warwatse. A gaba akwai siririyar tsaga da haske ke shiga, a wajen ido kuma leda mai ɗaruruwan layuka a kowace milimita, ita ce ke raba launukan. Sikelin ciki ya kama daga nanomita 400 zuwa 700; nanomita ita ce ma'aunin tsawon zangon haske, kuma kowane launi da nasa adadin.

A fara da tsohon ƙwan lantarki mai zare. Zaren ya yi zafi ne har ya yi haske, don haka za a ga bakan gizo cikakke, daga shuɗi zuwa ja, babu giɓi. Sai a juya ga doguwar fitila ta fulorasan. Nan na'urar ta biya kuɗinta: layuka ne tsaye, kowane da mazauninsa, shuɗi a 436, kore mai ƙarfi a 546, duka na tururin zaiba da ke cikin bututun. Ƙwayar zarra ba ta fitar da haske sai a ma'auni ƙayyadadde, daidai da tazarar matakan kuzari da ƙananan ƙwayoyin lantarkin cikinta (electrons) ke sauka. Farin ƙwan LED kuwa yana da haske mai ƙarfi a shuɗi wajen 450, sannan shimfiɗa mai faɗi ta kore zuwa ja.

Aibinta biyu. Sikelin yakan goce da 'yan nanomitoci, saboda haka a daidaita karatu da koren layin 546 kafin a rubuta komai. Tsagar kuma ta cika faɗi: a barbaɗa gishiri a harshen wuta, layuka biyu na sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin, 589.0 da 589.6, za su fito a matsayin rawaya guda. Ana iya tsuke tsagar da baƙin salatif, amma hasken zai ragu, sai an rufe tagogi.

Kada a taɓa ledar da yatsa, kuma lokacin hunturu a ajiye na'urar cikin jaka, domin ƙura a tsaga tana haifar da baƙaƙen zane a kwance waɗanda ɗalibi zai ɗauka sakamako ne. Kada a kuskura a auna rana kai tsaye. A kalli farar takarda da rana ta haska.

Ga ajin sakandare ta wadatar. Mai son awo na ƙwarai ya nemi sifektiromita, wato babbar na'urar awon haske ta kan tebur.