Na kai 'yata gwajin IQ bayan an hana ta ajin masu baiwa

Takardar da makaranta ta aiko ba ta wuce layi shida ba. Wai 'yata mai shekara 8 ba ta kai makin da ake nema ba a jarrabawar tantance yara masu baiwa, amma muna da kwana 30 mu ɗaukaka ƙara idan muna da wata hujja. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ba zan ɓoye ba, zuciya ce ta fara ɗibata. Yarinyar da ke gama aikin aji ta koma zane a bayan littafi don zaman jira ya ishe ta, ita ce ba ta kai ba?

Baban yara ya ce in bar maganar, ai kowa ɗansa gwani ne a idonsa. Ban musa ba. Sai dai jarrabawar da suka yi ta gama-gari ce: aji cike da yara, kowa da kwamfutarsa, agogo na gudu. Ita kuwa in ta ɗaure igiyar takalmi sai ta kwance sau biyu don madaukan ba su zo daidai ba. Na san irin wannan yarinyar agogo ba abokinta ba ne.

Kafin in biya ko sisi na kira makarantar na tambayi abu uku: suna karɓar gwajin da aka yi a waje, wane iri, kuma wa suka yarda ya yi shi. Wannan kiran ya fi komai amfani a cikin lamarin, domin akwai makarantun da ba sa ko duba sakamakon waje. Tamu ta ce tana karɓa muddin mai lasisi ne a fannin halayyar yara ya yi, kuma ta ambaci WISC-V.

Gwajin IQ ne, wato na auna basira, da David Wechsler ya fara fitarwa a Amurka a 1949, bugu na biyar, wato WISC-V, ya fito a 2014, kuma ana yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16. Bambancinsa da na makaranta shi ne ido da ido ake yi, yaro ɗaya da mai gwaji ɗaya. Matar da muka samu ta ja kunnena tun a waya: kada in koya mata komai daga intanet, kada ma in kira shi jarrabawa. In ce za ta je wasannin ƙwaƙwalwa, ta yi barci sosai, shi ke nan.

Ranar ba a bar ni na shiga ba. Kusan awa biyu ina zaune a ɗakin jira ina juya waya. Da ta fito fuskarta wasai, a mota ta kwashe labari ta ba ni. Akwai 'yan tubalan ja da fari da ake haɗawa su ba da siffar da ke cikin hoto. Akwai inda ake karanta lambobi a ce ka maimaita daga baya zuwa gaba. An tambaye ta ma'anar kalmomi, da abin da ya haɗa abu kaza da kaza. Wanda ta tsana shi ne na kwafar alamomi a ƙarƙashin lambobi cikin minti biyu. "Mama, ina cikin goge ɗaya da ta karkace sai ta ce lokaci ya yi." Ina jin haka na san inda za a samu matsala.

Ta ɓangaren yarinya ba ni da abin cewa sai yabo. Matar ta iya yara. Ta ba ta hutu a tsakiya, ta kuma tambaye ni dalla-dalla game da harshen da muke yi a gida, tun da ba shi ne na makaranta ba, ta rubuta hakan a rahoto don a san yadda za a karanta makin kalmomi.

Ofishinta ne ya ba ni ciwon kai. Sun ce mako biyu, na faɗa musu ranar da za a rufe karɓar ƙara, suka ce ba damuwa. Mako uku ya wuce shiru. In kira a ce za a kira ni, in aika saƙo ba amsa. Saura kwana huɗu rahoton ya iso. Ina buɗewa, a shafi na shida sai ga sakin layi guda ana ta cewa "shi", "ya yi", "ƙoƙarinsa". Daga rahoton wani yaro aka kwaso ba a gyara ba. An ba ni haƙuri, an gyara a ranar, an kuma tabbatar mini lambobin nata ne. Amma sai da na bi ranar haihuwarta da kowane maki da yatsa, saboda da tsaranta ake auna yaro, kuskuren wata kaɗan na iya canza lissafi.

Jimillar makinta 126. Makaranta 130 take nema. Gabana ya faɗi, na ce kuɗi sun tafi a banza.

Zaman bayani da muka yi da mai gwajin washegari shi ya cece ni, kuma shi ne ainihin abin da na ga na biya. Ta ce tsaka-tsaki 100 ne, kusan kashi biyu cikin uku na yara suna tsakanin 85 da 115, masu kai 130 kuwa kusan biyu ne cikin ɗari. Sannan lambar ba tsayayyiya ba ce kamar tsawon mutum. Shi ya sa rahoton ke ba da tazara, daga kaza zuwa kaza, kuma saman tazarar 'yata ya taɓa 130. Sai ta baje mini sassa biyar ɗin: fahimtar magana, gane siffofi, warware sabuwar matsala, riƙe abu a ka yayin aiki da shi, da saurin aiki. Ukun farko duk suna sama. Saurin aiki 97, daidai da kowa. Shi ya janyo jimillar ƙasa. Akwai wani lissafi a cikin gwajin, GAI, da ke ajiye sauri da riƙe abu a ka gefe ya auna tunani zalla. A nan ta samu 133.

Na tambaya ko a sake gwajin kawai. Ta girgiza kai, ta ce a ƙa'ida sai an jira kamar shekara, domin yaro yana tuna tubalan da tambayoyin, makin ya hau ba don ya ƙara basira ba. Ita ce kuma ta faɗa mini cewa Alfred Binet da Théodore Simon, da suka fara irin wannan gwaji a Faransa a 1905, yaran da ke buƙatar taimako a aji suke nema. Abin ya tsaya mini a rai, ganin yau mun mai da shi mukullin ƙofa.

Na haɗa rahoton da wasiƙar malamarta da wasu ayyukanta na aji, na miƙa ana saura kwana biyu. Bayan mako uku kwamitin ya amsa: sun karɓi GAI, ta shiga. Na yi murna, ba ƙarya. Amma ina sane akwai yaro irinta a ajin nan, mai goge alama don ta karkace, wanda iyayensa ba su da halin biyan gwajin waje ko ba su san ana ɗaukaka ƙara ba. Takardarsa mai layi shida tana nan yadda ta zo.

Da za a tambaye ni, zan sake zuwa wajen matar, amma sai an rubuta mini ranar ba da rahoto a takarda, kuma zan nemi ya iso makonni biyu kafin ranar rufewa. Shafin ƙarshe na rahoton ne na fi komawa kansa yanzu, inda ta ba da shawarar a rage wa yarinyar ayyukan kwafa masu agogo a ƙara mata masu wuya. Na kai wa sabuwar malamarta kwafinsa a makon farko. Ta karanta a gabana, ta ɗago ta ce, "To ai shi ya sa ita ce ta ƙarshen miƙa takarda kullum."