Daga Manchester: Tsofaffin Masaƙu, Rediyo da Takardar Kwana 21

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ko Bompai a Kano zai gane Manchester da kallo ɗaya. Garin auduga ne da masaƙunsa suka mutu suka bar gine-ginen jan bulo masu hawa shida da bakwai. Sai dai a unguwar Ancoats, masaƙar Murray da aka fara ginawa kafin shekarar 1800 tana nan tsaye, yanzu gidajen kwana ne a cikinta.

Doka ce ta tsare ta. A Ingila ana sa tsohon gini a rajistar da hukumar Historic England ke riƙewa, mataki uku: na ɗaya, na biyu mai tauraro, sai na biyu, wanda ya kwashe sama da kashi 90 cikin 100. Kowa na iya neman a sa gini a rajistar, ko ba nasa ba ne, kuma kyauta. Da zarar ya shiga, mai shi ba zai rushe shi ko ya sauya masa kama ba, ciki da waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Neman izinin ma kyauta ne, ana sa ran amsa cikin mako takwas. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, dokar 1990 ta tanadar masa tara marar iyaka ko ɗauri har na shekara biyu.

Rediyo fa, ko buga waya a koka a shirin kai tsaye zai iya ceton tsohon gini? BBC Radio Manchester, mai watsa shiri a kan mita 95.1 tun daga ofishinta na Salford, garin da ke maƙwabtaka da Manchester, ba ta sa talla, ba ta sayar da fili. Kuɗinta daga lasisin talabijin da gidaje ke biya duk shekara yake fitowa, saboda haka mai kuɗi ba zai sayi awa guda ya wanke kansa ba. Idan ka buga waya, ma'aikacin shirin ne zai fara ɗauka, ya ji batunka, ya tace, kafin a haɗa ka da mai gabatarwa. Andy Burnham, da aka zaɓa magajin garin yankin Greater Manchester a 2017, ya riƙa zuwa yana amsa tambayoyin masu sauraro kai tsaye. Amma gaskiya, wajen zafi da yawan masu sauraro, tashoshin Kano irin su Freedom sun fi. Nan mutane sun watse zuwa waya da intanet, kuma tun 2023 BBC ta rage shirye-shiryen kowane gari, ta haɗe da dama daga cikin na yamma da na dare.

Inda mutane ke yin asara shi ne su ɗauka kiran rediyo ya wadatar. Idan an nemi izinin taɓa gini, ana liƙa sanarwa a jikinsa ko a turken fitilar titi, a ba jama'a kwana 21 su rubuto. Jami'in tsara gari abin da aka rubuta yake karantawa, kuma ba kowace hujja yake ɗauka ba. "Nan kakata ta yi aiki" yana taɓa zuciya a rediyo, a takarda ba ya tsinana komai. Sai ka ce tagogin asali ne za a cire, ko sabon hawa zai danne fuskar ginin. Amfanin rediyo shi ne ya tashi mutane kafin kwanakin su cika.

Da yawa daga cikin gine-ginen da ake rasawa ba katafila ke cin su ba, ruwa ne. Indararo ya toshe da ganye, ruwa ya bi bango, katakon rufi ya ruɓe, bishiya ta tsiro a saman bulo. Wani mai ginin da gangan yake zuba ido, don ya samu hujjar cewa ya fi ƙarfin gyara. Hukuma na da maganinsa: ta ba shi sanarwar kwana bakwai, ta shiga ta yi gyaran gaggawa ta aika masa da lissafi, ko ta rubuta masa gyaran da ya wajaba, in wata biyu ya wuce bai motsa ba ta fara shirin karɓe ginin. Sau da yawa takan ja ƙafa, don aljihunta ba nauyi.

Sai kuskuren magina. An ɗaura tsohon bulo ne da farar ƙasa mai barin danshi ya fita. In aka cike gaɓoɓin da siminti, ruwan ya maƙale a cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta fashe ta zube. Ciwon da muka sani ne a gida: a shafe katangar tubali da siminti maimakon yaɓe da makuba, ta yi kyau damina biyu, sannan ta ɓare gaba ɗaya da ƙasar da ke bayanta.

Tsada kam akwai. Gyaran tsohon gini yana ɗauke da harajin kashi 20 cikin 100, sabon gida kuwa babu, wanda hakan ke tura masu gini wajen rushewa. Babban ɗakin taron birnin, na 1877, an rufe shi a 2018 don gyara, kuma kuɗin aikin ya haura fam miliyan 400.